Ruwan Ɗauraya: Nazari Kan Wankin Kayan Kunun Zaƙi, Zoɓo da Nono da Sinadaran Gida a Ƙasar Haɗejiya

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda omo, toka da ruwan bilic suke aiki a jikin kayan da ake haɗa abin sha na gida a Haɗejiya da ƙauyukan fadamarta. An auna kowane sinadari da irin mazubin da yake shiga, bisa abin da ilimin sinadarai da na ƙwayoyin halitta suka tabbatar. Matsayin maƙalar shi ne, a ƙasar da ambaliya kan haɗa rijiya da masai, ruwan da ya taɓa mazubi a ƙarshe ya fi sabulun da aka wanke shi da shi muhimmanci.

Gabatarwa

Masu dafa giya a gidajensu a Turai da Amurka sun daɗe da raba aikin tsabtace kaya gida biyu: fitar da dauɗa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, don haka giya ba ta cikin lissafinmu. Sai dai tsima hatsi da barin madara ta yi tsami aiki ne na kullum a gidajen Haɗejiya, Auyo, Kirikasamma da Guri, kuma dokar da ke kan tukunyar mai dafa giya ita ce kan randar mai kunu.

Wurin ma yana da nasa hali. Kogin Haɗejiya, wanda madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) suke juya ruwansa daga sama, yakan fantsama cikin fadama da damina, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ambaliyar 2022 ta ci garuruwa masu yawa a wannan yanki, kuma a annobar kwalara ta 2021 Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Da bazara kuwa zafi yakan haura digiri 40, lokacin da kasuwar abin sha mai sanyi ta fi ci, ƙwayoyin cuta kuma suka fi saurin hayayyafa.

Inda hatsarin yake

Abubuwan shan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Nono da kunun zaƙi suna da garkuwar tsami, domin ƙwayoyin halitta irin su Lactobacillus da Leuconostoc sukan saukar da ma'aunin pH zuwa ƙasa da 4.5, inda ƙwayar kwalara ba ta daɗewa. Zoɓo tafasa shi ake yi, ga shi da tsami tun asali. Kunun aya ne maraya: ba a dafa shi, ba shi da tsami, ga zaƙi da maiƙo, shi ya sa wanda aka yi da safe yakan juya kafin la'asar idan babu ƙanƙara.

A kunun zaƙi, rabin gasarar kawai ake zuba wa tafasasshen ruwa. Ɗaya rabin ɗanye ake haɗawa da shi a bar shi ya kwana. Duk abin da ke maƙale a injin markaɗe, ko a ƙyallen tata, ko a bakin randa, zai shiga ya kwana tare da shi kafin tsamin ya kankama.

Wanki

A shekarar 1959 Herbert Sinner, masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, ya nuna cewa wanki yana tsaye ne kan abubuwa huɗu: sinadari, guga, zafi da lokaci, kuma idan ɗaya ya ragu dole saura su cike gurbinsa. Wannan ya bayyana abin da ake gani a tsakar gida. Wankin da aka yi da ruwan sanyi cikin gaggawa ba shi da zafi ba shi da lokaci, sai a ƙara omo, ana auna tsabta da yawan kumfa. Omo kuwa don tufafi aka yi shi, da turare da sinadarin ƙara hasken yadi, kuma kumfa ba ta ɓamɓare yauƙin nan da ke kwanciya a cikin jarka. Wannan yauƙi gidan ƙwayoyin cuta ne da suka gina wa kansu. Sai soso ya kai gare shi.

Toka, wadda ake yi wa kallon kayan da, ta fi ƙarfin rainin da ake mata. Tana ɗauke da sinadarin fotash mai narkar da maiƙo, ga kaushin da ke taimakon guga. Aibinta shi ne tana cin tukunyar alminiyam idan aka bar ta a jiƙe, haka ma kanwa.

Bilic da lissafinsa

Jik da Hypo da ire-irensu ruwan sinadarin kulorin ne. Idan kwalba ta nuna kashi 3.5 cikin ɗari, kowace lita tana da miligiram 35,000. Abin da ake buƙata don kayan abinci bai wuce miligiram 50 zuwa 200 a lita ba. Ƙaramin cokalin shayi, wato mililita 5, a cikin litar ruwa ɗaya zai ba da miligiram 175. Jarka mai lita 20 kuma mililita 100 ya ishe ta. A tsoma kayan da aka riga aka wanke na minti biyu, a kife su su bushe. Dokar abinci ta Amurka ta yarda a bar kayan da ba sa shan ruwa ba tare da ɗauraya ba, muddin ƙarfin bai haura 200 ba.

A nan ne batun ya shafi Haɗejiya kai tsaye. Matar da ta tsoma robobinta a bilic, sannan warin ya dame ta ta ɗauraye su da ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga, ta mayar da hannun agogo baya. Idan ɗaurayar ta zama dole, to da ruwan da aka tafasa ya huce. Ruwan da za a tsinka bilic ɗin ma sai ya zama garau, domin laka da ɓurɓushin gero suna cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayar cuta. Ruwa mai dama-dama a fara sa masa alam ko dakakken ƙwallon zogale ya kwanta. Kwalbar da ta yi watanni a rana a gaban shago kuma ƙarfinta ya riga ya ragu.

Zuba shi da yawa ba ƙarin tsabta ba ne. Ragowar kulorin takan haɗu da sinadaran da ke cikin zoɓo da kanumfari ta haifar da ɗanɗanon magani, ta kuma kashe jan launin. Mafi muni, bilic idan ya gamu da tsami, na tsamiya ne ko lemon tsami ko ruwan wankin masai irin Harpic, yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, musamman a ƙuntataccen madafi. Dettol da Izal kuwa ba su da wuri a jikin kayan abinci ko kaɗan.

Ƙwarya da robar bola

Ƙwarya da randar ƙasa suna shan abin da aka zuba musu, don haka lissafin da ke sama bai shafe su ba. Omo ko bilic da ya ratsa jikin ƙwarya zai dawo cikin madarar gobe, ya kuma kashe ƙwayoyin da ke sa ta kama. Abin da Fulanin fadama suka gada, wato wanki da ruwan zafi da shanya a rana, shi ya dace da ita, kuma marubucin bai ga dalilin sauya shi ba.

Robar ruwan da aka sha aka yar ita ce mafi wuyar sha'ani, ita ce kuma mazubin da mai saye yake kaiwa baki. Ba a san inda ta kwana ba kafin yara su tsinto ta. Tafasasshen ruwa ba ya yi mata, domin irin wannan roba takan fara lanƙwashewa daga wajen digiri 70. Bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, don haka guga sai da siririn buroshi, ko a zuba tsakuwa masu tsabta a girgiza. Robar da ta taɓa ɗaukar fetur, kananzir ko maganin feshin gona, wanda ya wadata a yankin da ake noman shinkafa da alkama rani da damina, ba wankin da zai dawo da ita. Murfin kuma a jiƙa shi daban, a bi zaren cikinsa da buroshi, domin nan ne leɓen wanda ya sha a baya ya bar abin da ya bari.