Takardar Sallamar Mazan Jiya: Abin da Aka Rubuta da Abin da Aka Bari



Waɗanda ke zaune a Kaduna daga cikinmu sun san Barikin Dalet da Barikin Kalapanzin, na Zariya sun san Barikin Chindit, na Ikko kuwa ba za su rasa jin sunan Arakan da Myohaung da Tamandu da Dodan ba. Kullum muna ambaton sunayen nan in za mu yi wa direba kwatance, amma ƙalilan ne suka taɓa tambayar asalinsu. In aka cire Chindit, wanda sunan wata runduna ce ta musamman, sauran duk sunayen garuruwa ne da koguna da yankuna na ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar, inda sojojin Nijeriya suka gwabza da sojojin Japan a 1944 da 1945.

Hukuma ta adana sunayen wuraren a ƙofofin barikoki. Su kuwa mutanen da suka taka wuraren da ƙafarsu, abin da ya rage a gidajensu bai wuce ɗan littafin sallama ba, wanda ake naɗewa a tsumma a jefa ƙarƙashin adaka. Sau da yawa in aka buɗe shi sai a tarar abin da ke ciki bai kai abin da mai shi ya yi ba: ko an bar gurbin ƙasashen da ya je fayau, ko ba a lissafa lambobin yabon da ya cancanta ba, ko kuma sunan da ke jiki ba shi ne sunan da aka san shi da shi a gida ba. Wannan maƙala za ta duba yadda aka yi hakan ta faru, da hanyar da magada za su bi su gyara.

Daga Zariya zuwa Habasha da Bama

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira Yaƙin Hitila, ya ɓarke a 1939, sojojin Nijeriya suna ƙarƙashin rundunar Turawan Ingila ta Afirka ta Yamma, tare da na Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake neman samari a ƙasashen Arewa, kuma tun 1924 akwai makarantar horar da kurata a Zariya, babban birnin lardin da ƙasar Birnin Gwari ke cikinsa a ƙarshen mulkin Turawa. Kafin yaƙin ya ƙare, 'yan Nijeriya fiye da 100,000 sun sa kaki.

Fita ta farko ita ce ta Gabashin Afirka, inda aka kara da Italiya. Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, ta miƙe arewa, ta keta mashigin dutsen Marda, ta isa birnin Harar na Habasha a watan Maris. Fita ta biyu ta fi nisa. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne, wato Gizo na tatsuniya, na ta 82 kuwa masu biyu ne da aka gicciya a kan gammo. Ba a banza aka sa gammon ba, domin dubban mutane a rundunonin nan aikinsu dako ne: su ne ke ɗaukar harsasai da abinci da masu rauni a ka, cikin kurmi da tsaunukan da mota ba ta shiga.

Runduna ta 81 ta tashi daga Ikko a jirgin ruwa, ta zagaya ta Afirka ta Kudu, ta sauka Bombay ta Indiya. A farkon 1944 ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda jiragen sama ne kaɗai ke jefo mata abinci da makamai. An ware bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Nijeriya aka haɗa su da rundunar Chindit ta Janar Wingate, aka sauke su a bayan sahun abokan gaba. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka kama Myohaung, daga nan ta 82 ta ci gaba kudu ta Tamandu da Dalet. Sai a 1946 akasarin mutanen suka gama dawowa gida. Duk wanda ya san yadda dajin Kamuku ko na Kuyambana ke zama a tsakiyar damina zai ɗan fahimci irin ƙasar da suka yi wata da watanni a cikinta.

Yadda takardu suka gaza

Dalili na farko shi ne suna. Akawun da ke ɗaukar kurtu yakan rubuta sunan yanka, sa'an nan ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila a matsayin suna na biyu: wane Zariya, wane Kontagora, wane Gwari. Ba a cika damuwa da sunan uba ba, balle na ƙauye. Wani kuma da gangan yakan sake suna don ya fita ba da yardar iyaye ba. Saboda haka ɗan Tabanni zai iya kasancewa a kundin soja da sunan da ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba.

Na biyu shi ne lokaci. Sai a watan Mayun 1945 aka bayyana kafa Tauraruwar Bama, kuma ainihin lambobin ƙarfe ba a fara raba su sosai ba sai wajen 1948. Kafin nan an riga an sallami mutanenmu, sun watse cikin ƙauyuka sun koma gona. Wanda ke birni kusa da ofishi ya ji labari ya karɓa. Wanda ke bayan daji ba shi da akwatin gidan waya, ba ya kuma karanta boko balle ya lura an bar gurbi a littafinsa. Ga shi kuma galibin lambobin yaƙin nan ba a zana sunan mai su a jiki ba, don haka lamba ita kaɗai ba ta zama shaida sai da takarda.

Na uku shi ne matsayin da aka ba baƙar fata. A 2019 ɗan jarida Jack Losh ya fito da wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 game da kuɗin sallamar sojojin Gabashin Afirka: farabiti Bature yana samun sule goma a kan kowane wata da ya yi yana aiki, ɗan Asiya sule bakwai da sisi, ɗan Afirka sule uku da sisi. Hukumar da ta auna mutum da wannan mudu ba za ta ɓata dare wajen cika masa takarda ba. Ita kanta hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da wasu ƙasashen rainon Ingila, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Ko a lokacin yaƙin ma takarda takan yi kuskure. Isaac Fadoyebo, ɗan ƙasar Owo, ma'aikacin jinya ne a Runduna ta 81. An harbe shi a bakin Kaladan a watan Maris na 1944, aka lissafa shi cikin waɗanda suka ɓace, alhali wani manomi Musulmi ne ya ɓoye shi tare da abokinsa ɗan Saliyo har wajen ƙarshen shekarar. Shi Fadoyebo ya iya rubutu, ya rubuta labarinsa da hannunsa, har ɗan jarida Barnaby Phillips ya yi fim da littafi a kansa. Haka nan Samanja Chari Maigumeri, wanda ya shiga sojan Ingila a 1917, ya sami lambar jarumta a Habasha, ya je Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa: tarihinsa ya tsira domin hafsoshi sun rubuta. Mai gammo da ya bi sawunsu ɗauke da akwatin harsashi ba shi da mai rubuta masa.

Hanyar gyara

Mabuɗin al'amarin duka shi ne lambar soja. Suna yana sauyawa, amma lambar da aka ba mutum ran da aka ɗauke shi ba ta sauyawa, kuma ta sojojin Nijeriya na wancan zamani takan fara da haruffan NA. Da lamba ake gano bataliya, da bataliya kuma ake gano inda mutum ya je. Kowace bataliya tana da kundin da ake rubuta inda ta kwana da abin da ya same ta kowace rana. Kundayen yaƙin Bama suna ma'adanar tarihi ta Ingila da ke Kew, a Landan, ƙarƙashin jerin WO 172. Ba su cika ambaton ƙananan sojoji da suna ba, amma in littafin sallama ya nuna mutum yana bataliya kaza daga wata kaza zuwa wata kaza, kundin kuma ya nuna bataliyar tana Kaladan a lokacin, hujja ta tsayu.

Sharuɗɗan lambobin a bayyane suke. Tauraruwar Bama ta wanda ya yi aikin yaƙi ne a Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. Tauraruwar Afirka ta haɗa da waɗanda suka yi Habasha da Somaliya tsakanin 10 ga Yuni 1940 da 27 ga Nuwamba 1941, amma zaman bariki a Afirka ta Yamma ba ya ciki. Tauraruwar 1939 zuwa 1945 tana buƙatar wata 6 a fagen fama, Lambar Yaƙi kuwa kwana 28 na cikakken aikin soja. Lambobin jarumta daban suke: ana buga sunan mai su a jaridar gwamnati ta London Gazette, takardun da hafsoshi suka rubuta don neman a ba shi kuma suna Kew a jerin WO 373, ana iya bincika su da suna ta intanet. Wanda bai dawo ba, a nemi sunansa da lambarsa a kundin hukumar kaburburan yaƙi. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da 'yan Nijeriya a ciki.

A nan gida, ƙofar farko ita ce ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, wadda doka ta kafa a 1964, tana da ofis a kowace jiha. Ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa na Nijeriya yana Lakwaja, a barikin da ke ɗauke da sunan Chari Maigumeri. A Kaduna akwai ma'adanar tarihi ta ƙasa, inda takardun lardunan Arewa suke. In sunan littafi ya saɓa da na gida, sai a yi takardar rantsuwa a kotu, a haɗa da wasiƙar dagaci ko hakimi da ke tabbatar da cewa mutum ɗaya ne. Ofishin lambobin yabo na Ma'aikatar Tsaron Ingila yana karɓar buƙata daga magada a kan lambobin da ba a taɓa bayarwa ba, amma sai an tabbatar da aikin mutum. Shekaru ba su rufe wannan ƙofa ba: a watan Nuwamban 2023, a Nairobi, Sarki Charles na Uku ya miƙa wa wasu tsofaffin sojojin Kenya sababbin lambobi a madadin waɗanda suka yar a zamanin tawayen Mau Mau don tsoron a ce su 'yan koren Turawa ne.

Abu biyu za mu kiyaye. Kada kowa ya sa alƙalami a kan takardar asali da sunan gyara, domin ƙarin kalma ɗaya ya isa ya mai da shaida ta zama abar zargi. Hukuma ce ke gyara, a takarda dabam mai hatimi. Sa'an nan kada son kakanni ya sa mu nemi abin da ba a yi ba. Wanda ya yi yaƙin duka yana gadi a Kaduna ya yi aikinsa, yana da Lambar Yaƙi, amma ba shi da Tauraruwar Bama. Gaskiya ɗaya ta fi ƙarya goma amfani a gaban mai bincike.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Wanda ke da shekara 18 a 1945 yanzu yana bakin ɗari, don haka kusan duk masu ba da labarin da bakinsu sun riga mu gidan gaskiya. Kada kuma mu sa ran wata dukiya: ga mazan Bama abin da za a samu shi ne suna da mutunci. Amma akwai 'yan baya da maganar ta shafi haƙƙinsu kai tsaye, wato waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964, da Lebanon daga 1978, da Laberiya daga 1990, da Saliyo da Darfur. Kuskuren suna ko na shekarun aiki a takardarsu yakan tsayar da fansho, ya bar gwauruwa da marayu suna zirga-zirga zuwa Abuja.

Ga kuma halin da ƙasarmu ta shiga. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi Birnin Gwari, ƙauyuka sun tashi, an ƙone gidaje da rumbuna, kuma mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman tsohuwar takarda. Littafin da ya tsallake gara da ɗigar ruwa shekara 80 yana iya zama toka a dare ɗaya, in ya tafi kuwa lambar ta tafi da shi.

Mu da ke birni mu ne ke kusa da ofisoshi, mu ke da waya mai ɗaukar hoto da 'ya'ya masu jin Turanci. Shawararmu ita ce duk wanda ya je gida sallah ko biki ya tambayi tsofaffi, musamman iyaye mata da ke riƙe da adaka, ya ɗauki hoton kowane shafi da kowace lamba gaba da baya, ya rubuta sunan mutumin na gida da na soja da sunan mahaifinsa da unguwarsu. Ƙungiya ta buɗe rajista guda, ta ajiye kwafi a gida da kuma Kaduna, ta naɗa mutum biyu ko uku su bi sawun koke-koken a tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an yi haka, ranar 15 ga Janairu ta tunawa da mazan jiya za ta same mu da jerin sunayen namu da za mu karanta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba ƙasar Birnin Gwari zaman lafiya mai ɗorewa, amin.