Tambarin suna a kan hoto: yadda ake haɗa shi a Damargu

Tambarin suna ɗan ƙaramin zane ne mai ɗauke da sunan mutum, shago ko ƙungiya, wani lokaci da lambar waya da ƴar alama, wanda ake maƙalawa a kusurwar hoto, katin gayyata ko afishi domin a san mai shi. Masu Faransanci kan ce masa logo, mai sana'ar haɗa shi kuma infografist. A gundumomin Tanut da Belbeji, da ke arewacin jihar Damagaram, ana ganinsa a hotunan ɗinkin tela, a sanarwar wa'azi da ta wasan ƙwallo, a katin ɗaurin aure, da hotunan ragunan da dillalai ke yaɗawa a WhatsApp gab da babbar salla.

Sa wa kaya shaida ba baƙon abu ba ne a Damargu. Duk wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta Tanut, Belbeji ko Bakin Birji ya san raƙuman Buzaye na ɗauke da shaidar wuta a wuya ko a cinya, kowane dangi da tasa. Shaidar raƙumi ba ta da ado: layi biyu ne ko uku da ake ganewa daga nesa. Tambarin hoto ma haka ake son sa, domin a fuskar waya da wuya ya wuce girman farcen babban yatsa.

Kayan aiki

Manhajar da ta fi suna ita ce Photoshop, wadda ƴan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira, kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da ita a 1990. Tun 2013 ba a sayar da ita gaba ɗaya, sai dai a riƙa biyan kuɗin haya, kuma tana son ordinatar mai ƙarfi. CorelDRAW, ta ƙasar Kanada, ta fito a 1989, gidajen buga takardu da yawa da ita suke aiki. GIMP kyauta ce, tana yin mafi yawan abin da mai tambari ke buƙata.

Amma inda wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, wayar Android ce ordinatar ɗin matashi. Canva, wadda aka kafa a Ostareliya a 2013, tana da dubban samfura shiryayyu, sai dai tana cin forfe kuma tana son rezo mai kyau. PicsArt ta fi ƙwarewa wajen gyaran hoto da cire bango. PixelLab ta rubutu ce, tana aiki ko babu intanet, kuma ana iya ƙara mata sababbin nau'o'in haruffa. Ga mazaunin Tarka, Gangara ko Tenhiya, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Yadda ake haɗawa

Ana farawa da fili marar bango, wato wanda manhajar ke nunawa da ƴan murabba'ai farare da masu ruwan toka. Faɗin ɗigo 1000 da tsawon ɗigo 1000 ya wadatar ga tambarin da zai tsaya a waya. Kowane abu ana ɗora shi a shimfiɗarsa daban: suna a ɗaya, alama a wata, lambar waya a ta uku, ta yadda in lamba ta canza sai a gyara ta ba tare da an taɓa sauran ba.

Launi biyu sun isa, nau'in haruffa ɗaya ko biyu. Sabon hannu yakan zuba inuwa, ƙyalli da ruwan zinariya, abin ya yi kyau a babban allo, da an ƙanƙanta shi sai ya koma dunƙule. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a rage tambarin ya yi kamar hoton da ke gefen suna a WhatsApp, a miƙa wa wani ya karanta. Yana da kyau a ajiye kala biyu, fari domin hoto mai duhu, baƙi domin mai haske.

A ƙarshe a adana shi a tsarin PNG. Tsarin JPEG ba ya riƙe bango marar launi, shi ya sa ake ganin tambari zaune cikin farin akwati a kan hoton amarya.

Matsalar haruffa

Nan ne aikin Damargu ya bambanta da na Paris ko Legas. Yankin na Hausawa ne da Buzaye da Fulani da Dagira da Larabawa, kuma kati ɗaya na iya buƙatar rubutu iri uku.

Na farko boko. Ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 tana amfani da haruffa masu lanƙwasa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Na ƙarshen nan a Nijeriya 'y ake rubuta shi. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, don haka shigar da su ba wuya. Wuyar tana ga nau'in haruffan: yawancin masu ado an zana su ne don Turanci da Faransanci, ba su san ƙ ba. In aka rubuta ta, sai dai a ga fanko, ko ɗan akwati, ko harafin ya fito da wata siffa dabam a tsakiyar kalma. Da yawa sai su haƙura su cire lanƙwasar, alhali ƙafa ba kafa ba ce, ɗaki ba daki ba ne, kuma mai shagon da ya rubuta "kofa" yana nufin ƙofa ya bar mai karatu da cike gurbi. Nau'o'in Andika da Charis na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, duk kyauta ne kuma suna da haruffan huɗu. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki, uzurin barin lanƙwasa ya ƙara raguwa.

Na biyu Larabci da ajami. Rubutun daga dama yake tafiya, haruffansa a haɗe. Wasu manhajoji kan warware su ɗaya-ɗaya ko su juya su baibai, kuma wanda bai iya karatun ba ba zai lura ba. A tsofaffin nau'o'in Photoshop sai an kunna tsarin rubutun Gabas ta Tsakiya. Nau'in Alkalami, shi ma na SIL, an zana shi ne a kan salon rubutun alƙalami na Kano da Nijar, wanda idon almajiri ya saba da shi. Bisimilla ko aya da za a ɗora a kati, a fara nuna wa malami kafin a buga.

Na uku tifinar, rubutun Tamajek. Ya shiga tsarin Unicode a 2005, amma siffofin da waya ke fara kawowa na sabon salon Maroko ne, waɗanda ba su yi daidai da na Buzayen Nijar ba a wasu haruffa. A nan ma mai karanta rubutun ne alƙali.

Daga waya zuwa takarda

Hoton da zai tsaya a matsayin WhatsApp na awa 24 ana yin sa ɗigo 1080 a faɗi, 1920 a tsawo. Na bugawa kuwa ya fi haka nesa: takardar A4, mai santimita 21 da 29,7, tana son kimanin ɗigo 2480 da 3508 in ana so ta fito tas. Babban ƙyallen talla da ake kira bash yakan sa a aika aiki Zinder, tafiyar kusan kilomita 150 daga Tanut a kan hanyar Agadas. In aka tura shi a matsayin hoto, WhatsApp na matse shi ya rage masa ɗigo. A tura shi a matsayin takarda sai ya isa yadda yake. Wanda bai kula ba, bash ɗinsa zai sauka tasha da suna a dishe, kuɗin bugu da na mota sun tafi.

Launi ma yakan ba da mamaki. Fuskar waya da haske take haɗa launi, daga ja, kore da shuɗi. Injin bugu da tawada huɗu. Kore mai ƙyalli da shuɗi mai haske sukan fito a dakushe, don haka gara a nemi gwaji ƙarami kafin a buga ɗari.

Haƙƙi da doka

Tambari na nuna mai aiki, amma ba ya tabbatar da gaskiyar hoto: a cikin minti ɗaya ana iya yanke shi daga wani wuri a manna a wani. Da haka ake haɗa sanarwar bogi mai ɗauke da tambarin ma'aikata, gidan rediyo ko kamfanin waya. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da yaɗa bayanan da ke iya tada hankalin jama'a ta hanyar na'ura. Goge tambarin mai hoto a ɗora na wani kuwa taɓa haƙƙin mawallafi ne, wanda hukumar BNDA ke kula da shi. Ɗan kasuwar da ke son alamarsa ta zama tasa a hukumance yana yi mata rajista ne a OAPI, mai mazauni a Yawunde, kuma rajista ɗaya tana aiki a dukan ƙasashen ƙungiyar, har da Nijar.