Azurfa Tsakanin Tebur da Maƙera

A shekarar 1851 aka buɗe babban baje kolin duniya a Landan. Cikin abubuwan da suka ɗauki hankali akwai farantai da butoci da kofuna na azurfa, waɗanda aka yi wa zanen ganyaye da surorin mutane irin na Italiya ta ƙarni na 16, zamanin da Turawa ke kira Renesans, wato farfaɗowar ilimi da fasaha. A wannan shekara kuma Heinrich Barth ya shiga Kano, ya tarar ana canjin liyari ɗaya da wuri 2,500.

Me ya sa Turawa suka koma kwaikwayon aikin kakanninsu? Ɗaya daga cikin dalilai shi ne na asalin sun yi ƙaranci. Azurfa dukiya ce kafin ta zama ado, kuma idan yaƙi ya matsa, narkar da ita ake yi. A 1689 Sarki Louis na 14 na Faransa ya sa aka narke kayan azurfar fadarsa ta Versailles don ɗaukar nauyin yaƙi. Da kamfanin Elkington na Birmingham ya sami haƙƙin dabarar shafa azurfa da lantarki a 1840, Christofle na Faris kuma ya sayi haƙƙin amfani da ita a 1842, sai attajiri matsakaici ya iya cin abinci da irin kayan sarakuna.

A ƙasar Hausa azurfa ba ta hau tebur ba. Ƙwarya da akushi da tasa suka riƙe wannan aiki. Liyarin Mariya Tariza, mai ɗauke da shekarar 1780 komai lokacin da aka buga shi, hannun maƙeran fari yake faɗawa, su narke shi su fitar da munduwa da zobe da adon doki. Wannan ado ajiya ce da mace ke tafiya da ita a jikinta.

Hikimar hakan takan bayyana ranar wuya. A 2014 rikici ya kori dubban Musulmi daga Bangui, ciki har da Hausawan Kilomita Biyar, inda unguwar Kokoro take, suka nufi Chadi da Kamaru. Mai gudun rai ba ya ɗaukar faranti, amma munduwa tana hannu.

Saboda haka ɗalibin tarihi ya kiyaye: ƙarancin tsofaffin kayan azurfa a hannunmu ba shaidar rashin gwaninta ba ce. Sau da yawa, zoben yau munduwar jiya ce da ta sake shiga wuta.