Baitulmalin En'e: Tarihin Lissafin Kuɗin Jama'a a Arewa

Kafin zuwan Turawa, sarakunan ƙasar Hausa na karɓar zakka da kuɗin ƙasa da jangali, har da kuɗin rafi daga masu noman rani da kuɗin karofi daga marina. Abin da aka tara yakan bi ta hannun dagatai da jakadu da hakimai, kowa ya ɗebi rabonsa kafin saura ya isa fada. Akwai Ma'aji, amma ba a cika rarrabe dukiyar sarki da ta jama'a ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki irin waɗannan karɓe-karɓe a littafinsa Kitabul Farƙ, sai dai da yawansu sun ci gaba bayan jihadi.

A 1906 Gwamna Lugga ya yi dokar da ta haɗe harajin wuri guda, ana raba shi tsakanin gwamnati da sarakuna. A Katsina ne Razdan Palmer ya fara gwada Baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma wajen 1911 tsarin ya bazu zuwa sauran masarautu. Sarki da hakimai da alƙalai suka koma cin albashi. Kowace shekara ana rubuta ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa, Ma'aji na riƙe littafi, mai biya kuma ana yanka masa rasit. A ƙasar Kano malaman taki ne ke auna gona da ƙafa don a san abin da za a ɗora wa mai ita. Rasit ɗin nan ya zama abin adanawa, don matafiyin da aka tare ba shi da shi yana cikin wahala. Da wannan kuɗi En'e ta gina makarantu da asibitoci da gidajen yari, ta haƙa rijiyoyi.

Raunin wannan tsari shi ne lissafin sama yake kallo. Ma'aji na amsa tambayar Di'o da Razdan, amma talakan da ya sayar da akuyarsa ya biya haraji ba shi da bakin tambayar inda kuɗin ya shiga. A 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo ƙuduri a Majalisar Arewa yana neman a gyara tsarin En'e, jam'iyyar NEPU kuma ta mai da zaluncin karɓar haraji babban makaminta. Binciken da wani Bature mai suna Muffett ya yi kan kuɗin En'e ta Kano shi ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ko da yake har yau masana na jayayya kan yawan siyasar da ke cikin lamarin.

Ilimin wannan fanni ya samu gida a Kongo, Zariya. Makarantar horar da akawu da ke can ta zama Cibiyar Koyon Mulki a 1954, ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta horar da ma'aikatan baitulmali da dama. Daga baya masana tarihi irin su Mahmud Modibbo Tukur suka tona takardun mulkin mallaka, suka nuna nauyin da haraji ya ɗora wa manoma da makiyaya.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rufe babin En'e. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a jihohinsu.