Daga Gidan Talaka Zuwa Gidan Ɗan Fansho: Tarihin Siririn Jirgin Ruwan Ingila



A Ingila a yau, akan samu mutum ya yi ritaya, ya sayar da gidansa, ya je wajen maƙeran jiragen ruwa ya ce a ƙera masa wanda zai ƙarasa rayuwarsa a ciki. Shi zai zaɓi fenti, da murhu, da inda za a sa gado. Faɗin jirgin ne kawai ba ya da ta cewa a kansa: ƙafa 6 da inci 10. An yanke wannan hukunci tun shekaru sama da 250 da suka wuce.

A 1761 aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda aka haƙa da hannu domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchester, farashin kwal kuma ya faɗi da kusan rabi. Injiniyan aikin, James Brindley, ya ci gaba da tsara wasu hanyoyin. Inda ƙasa take da tudu, akan gina wani ɗaki mai ƙofofi biyu, jirgi ya shiga, a cika ruwa ko a rage, ya hau ko ya sauka. Don tsimin kuɗi da ruwa, Brindley ya yi ɗakunan da faɗin kusan ƙafa 7, tsawon kusan ƙafa 72. Dole jirgi ya bi wannan awo. Ko a tsawo ma, masu saye da yawa a yau kan tsaya a ƙafa 57, saboda wasu ɗakunan arewacin Ingila gajeru ne.

Da farko maza ne ke tuƙi, doki na ja daga gaɓa, iyali suna gida. Da jirgin ƙasa ya bunƙasa daga 1830, kuɗin dako ya karye. Matuƙi ya kasa biyan haya da ladan yaron jirgi, sai ya kwaso mata da 'ya'ya suka tare a ɗan ɗakin bayan jirgin, wanda tsawonsa bai kai ƙafa 10 ba. A nan ake girki, a nan ake haihuwa. Yara suna jan doki maimakon zuwa makaranta. Fafutukar George Smith ta sa majalisa ta yi dokoki a 1877 da 1884 kan cunkoso da karatun yaran.

Sana'ar ta yi ta ja da baya, har tsananin sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwan na makonni, akasarin sauran dakon ya koma mota.

To me ya hana a cike hanyoyin da ƙasa? A cikin dalilan akwai littafi. L.T.C. Rolt ya mayar da wani tsohon jirgin kaya, Cressy, gidan zama, ya zaga da shi, ya rubuta Narrow Boat, aka buga a 1944. Robert Aickman ya karanta, ya aika masa wasiƙa, a 1946 suka kafa ƙungiyar Inland Waterways Association. Masu sa kai suka yi ta yashe hanyoyin da aka watsar. Yau hukumar Canal & River Trust tana kula da kusan mil 2,000.

Sai dai mu lura da waɗanda suka riƙe alƙalamin. Smith ya ga ƙazanta da jahilci, Rolt ya ga kyau da natsuwa, kuma dukansu baƙi ne a wannan rayuwa. Su mutanen jirgin, akasarinsu ba su iya rubutu ba, don haka muryarsu kaɗan ce ta iso gare mu. Ɗan fansho ya gaji furannin da suka zana a ƙofa, amma bai gaji yunwarsu ba.

Mu ma muna da sana'o'in da ke ɓacewa a gaban idonmu, masu su kuma suna raye. Kafin mu rubuta su da kalamanmu, mu je mu zauna mu ji nasu.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.