Masagan Bida: unguwar da ake dafa ƙarau

Tsofaffin matan ƙasar Bichi da Dambatta da Minjibir sun san ƙarau tun kafin roba ta cika kasuwa. Ɗan koli ke zuwa da shi ranar kasuwa, ya baje a tabarma tare da kwalli da allura da madubi. Yarinya ta zaɓi nata, ta shafa sabulu a hannu ta matse ta zura, daga nan sai kaffa-kaffa, don in ya daki bakin turmi magana ta ƙare. Wani ƙarau ɗin jirgin ruwa ne ya kawo shi daga Turai. Wani kuwa ɗan gida ne, daga Bida ta ƙasar Nufe, inda wata zuriya da ake kira Masaga ta daɗe tana narka gilashi a unguwar da ke ɗauke da sunanta har yau.

Idan aka tambayi Masaga asalinsu, Masar suke nunawa. Suna cewa kakanninsu sun taso daga can da sana'arsu, suka biyo ta Barno, suka yi ta yada zango har suka sauka ƙasar Nufe. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne yadda Bida kanta ta tashi. Malam Dendo, malamin Fulanin nan da ya kafa gidan sarautar, ya rasu a Raba a 1833. Bayan rigingimun da suka biyo baya, ɗansa Usman Zaki ya mai da Bida hedikwata wajen 1857, sannan ƙanensa Masaba ya yi mulki daga 1859 zuwa 1873, lokacin da garin ya bunƙasa ƙwarai. Sarakunan nan sun san darajar mai sana'a. Suka tara maƙeran baƙi, da maƙeran tagulla, da masaƙa, da masu gilashi, kowane rukuni da unguwarsa da shugabansa. Aikin fada ta hannun shugaban yake zuwa, shi ke raba wa masu wuta, shi kuma ake tuhuma in aiki ya ɓaci. A ƙarƙashin wannan tsari Masaga suka zama ƙungiya mai ƙofa a rufe: ɗa ya gaji uba, baƙo ya sayi kaya ya tafi, ba a koya masa.

Abin da suke ɓoyewa ya cancanci ɓoyo. Masu sarrafa gilashin da wani ya riga ya yi suna da yawa a duniya, amma masu yin gilashin kansa daga ƙasa kaɗan ne. Masaga suna cikin kaɗan ɗin. Yashi suke samowa, su haɗa da kanwa da ɗan kashin maƙera, su zuba a tanderun da aka haƙa a ƙasa, a yi ta zuga ana karɓa-karɓa har haɗin ya narke. Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700, kuma wutar itace ba ta kai nan. Kanwa ce ke sassauto da shi. Ƙarfen da ke cikin haɗin kuma shi ke ba gilashin duhu, ya fito baƙi mai sheƙi, wanda suke kira bikini.

A nan ne ƙasar Kano ta shigo labarin. Nufe ba ta da kanwa. Daga Manga da Muniyo da bakin tafkin Cadi take fitowa, ta ratsa kasuwannin Kano a bayan jakuna, fatake su gangara da ita kudu. Manyan gidajen fatauci na Agalawa da Tokarawa a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Katsina suka zauna, suna noma da damina, rani ya yi su ɗaura kaya. Hanyar da ta kai kanwa Nufe ita ta dawo da goro ɗan Labuje, da tufafin Nufe, da tsakiya da ƙarau. Manomin da ke lasa wa dabbarsa kanwa bai san irinta ce ke hannun ɗiyarsa ba, ta koma gilashi.

Wurin aikin ba shi da girma. Rumfa ce mai duhu, tanderun yumɓu a tsakiya, maza sun kewaye shi a zaune, yaro yana kan zuga-zugi. Mai aiki ya ɗumama guntun gilashi, ya laƙato shi a kan sandar ƙarfe, ya mayar cikin wuta yana juyawa har ya yi laushi. In tsakiya ake so, sai ya naɗe gilashin a jikin siririn ƙarfe, ya murza ya daidaita, ya zare. Inda ƙarfen ya fita shi ne ƙofar zare. Ƙarau ya fi wuya. Sai an huda curin gilashin, a yi ta kaɗa shi a kan sanda ana buɗa bakinsa da wani ƙarfen, a koma wuta a dawo, har zoben ya kai faɗin hannu. Ba a haɗa baki, don haka babu gaɓar da za a nuna. Kafin ya huce ake ɗora zaren wani launi a kai, fari ko ja, ya narke ya manne. Duk wannan da ido ake auna shi, ba ma'auni, ba agogo.

Ɗora launi kan launi shi ne inda aikin Bida ya yi kusa da wani aiki da Ingila ke alfahari da shi. A garin Stourbridge ana lulluɓe tulun gilashi mai duhu da farin gilashi, sannan a sassaƙe farin har hoto ya fito tudu-tudu a kan duhun, kamar yadda masassaƙin ƙwarya ke kankare bayanta ya bar zane. Rumawa suka fara, kuma shahararren misalinsu shi ne tulun Portland, wanda wani mutum ya farfasa a gidan tarihin Birtaniya a 1845. John Northwood ya shafe shekara uku, daga 1873 zuwa 1876, yana sassaƙa kwafinsa da hannu. Daga nan kamfanin Thomas Webb ya shiga harkar, George Woodall ya yi suna a cikinta. Wato a daidai shekarun da Masaba da magajinsa Umaru Majigi ke riƙe da Bida, wutar gilashi na ci a wurare biyun. Na Ingila ya mutu da wuri, don tulu ɗaya kan cinye watanni, ga na arha da ake yi da ruwan asid sun cika kanti. Kamfanin Webb ya rufe a 1990.

Masaga ma sun ga tasu jarrabawar. A Janairun 1897 sojojin Kamfanin Neja suka ci Bida, ƙarfin fadar da ke ciyar da masu sana'a ya ragu. A 1911 layin dogo daga Baro ya isa Kano, ya bi ta Badeggi kusa da Bida, kayan Turai suka malalo. Cikinsu har da kwalba. Kwalba ta zo wa Masaga da sauƙin da ba su taɓa gani ba: ba neman yashi, ba sayen kanwa, ba doguwar zuga, ga launi a shirye, kore da ruwan ƙasa da shuɗi. Bajamushe Leo Frobenius, da ya je Bida wajen 1911, ya rubuta labarin aikinsu. S. F. Nadel, wanda ya zauna a Nufe tsakanin 1934 da 1936, ya tarar ana narka kwalabe a gefen gilashin gida, ya bayyana hakan a littafinsa na 1942.

Kwalbar ce ta raya sana'ar, ba a musu, don da babu ita da wuya ƙarau ɗan Bida ya iya gogayya da na waje a farashi. Amma ita ce kuma ta kashe dafa bikini. Abin da ba a rubuta ba, ba a kuma yi a gaban yara ba, tafiya yake da masu shi. Sannu a hankali aka wayi gari matasan unguwar sun iya murza tsakiya, ba su taɓa ganin yashi ya zama gilashi ba. Wannan babbar asara ce, musamman da binciken Abidemi Babalola a Igbo Olokun na Ile-Ife ya nuna cewa tun tsakanin ƙarni na 11 da na 15 ake dafa gilashi a wannan ƙasa. Bida ce wurin da irin wannan ilmi ya kai zamaninmu a hannun masu rai.

A 2019 dattawan Masaga, tare da mai bincike Lesley Lababidi, suka sake gina tanderun suka dafa bikini bayan shekaru masu yawa, aka ɗauki aikin a fim. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'o'in hannu. Stourbridge kuwa ta buɗe sabon gidan tarihin gilashi a 2022, inda ake zuwa kallon tulunan da masu yin su suka daɗe da rasuwa.

Masaga ba su kai ga wannan matakin ba, wutarsu na ci. Abin da suke buƙata shi ne mai saye, don yaro ba zai zauna kan zuga-zugi ba in babu abin kai wa gida. Kano ce kasuwarsu a da, kuma har gobe ita ce kasuwar Arewa. 'Yan kolin Kurmi da masu haɗa kayan lefe, da mata masu sarin kayan ado a Bichi da Dambatta, su riƙa tambayar ɗan Bida da sunansa, su sa shi a gaban tebur, su gaya wa mai saye inda aka yi shi.