Giyar Mota: Yadda Take Aiki da Yadda Ake Kula da Ita

Akwatin giya, wanda makanikai ke kira giyabos, shi ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa shi ga tayoyi gwargwadon bukata. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa, injinta kan juya kimanin sau 2,000 a minti, alhali tayoyinta sau 500 kacal suke juyawa. Haƙoran ƙarfen da ke cikin akwatin su ne ke daidaita wannan bambanci. Giya ta ɗaya da ta biyu ba su da gudu amma suna da ƙarfin ja, don haka da su ake tashi, da su ake hawan tudu ko ratsa yashi.

A ganinmu, sakaci da man giya ne ya fi kashe giyar motocin karkara. Man giya daban yake da baƙin man inji. Mota mai giyar hannu kan sha mai kauri irin 75W-90 ko 80W-90, ita kuwa otomatik nata man tsinkakke ne, galibi ja, kuma littafin kowace mota ya faɗi irin wanda ya dace da ita. Idan man otomatik ya yi baƙi yana ƙauri, to ya ƙone. Idan kuwa man giya ya yi fari kamar madara, ruwa ne ya shiga, abin da kan faru da damina bayan an tsallake rafi. A juye shi nan da nan, kada a jira ranar sabis, domin ruwa na cin haƙoran ƙarfe a ɓoye.

Akwai kuma laifin direba. Ɗora ƙafa kan kuloci ana tafiya yana cinye shi, haka ma nacewa da totur idan mota ta kafe a laka. Sa mota a firi a gangara don tattalin mai ganganci ne, saboda nauyin motar duka kan koma kan burki. Kada a sa ribas sai mota ta tsaya cik.

Muna jan hankalin jami'an ƙananan hukumomi masu kula da motocin asibiti da na aikin gona: idan otomatik ta mutu a hanya, a ɗauke ta a kan babbar mota. Jan ta da igiya tafiya mai nisa na ƙona giyar, domin famfon manta ba ya aiki sai inji na kunne.